An ba ƙanena keken ɗinki na ƙafa, alhali ƙafafunsa ba sa motsi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 31. Ina da ƙane ɗan shekara 24 da ya yi haɗarin babur shekara uku da suka wuce, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi. Hannuwansa da ƙwaƙwalwarsa lafiya ƙalau. Kafin haɗarin yana koyon gyaran waya a kasuwa, har ya fara karɓar aiki da kansa. Mahaifinmu ya rasu, shi da Inna suke zaune a gidanmu na gado, ni kuma kusan kullum sai na leƙa.

Bara aka yi rabon tallafi ga masu buƙata ta musamman a yankinmu. Da kyar na samo masa fom. Ranar rabon muka ɗauki shatar adaidaita tun ƙarfe takwas, ba a fara ba sai bayan azahar. Aka ba shi keken guragu irin na asibiti, da keken ɗinki na ƙafa, da ƙaramin buhun shinkafa, aka ɗauke shi hoto. Keken zaman ya yi masa faɗi, ba ya shiga ƙofar ɗakinsa, a rairayin tsakar gida kuma ba ya tafiya sai an tura. Bayan wata biyu gyambo ya fito masa a mazauni, mun sha wahala kafin ya warke. Keken ɗinkin yana nan, Inna ta lulluɓe shi da zani.

Yanzu an ce za a sake wani rabon, na sake samo fom, ya ce wallahi ba zai je ba, shi ba abin ɗaukar hoto ba ne. Inna ta ce wannan butulci ne, da babu gara ba daɗi. Yau kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa su. Maigidana ya ce in cike fom ɗin in je in karɓo a madadinsa, ko sayar da kayan ne a yi. Ni dai na gaji. In tilasta masa ne, ko in bi shawarar maigida?

Daga wata 'yar'uwarku

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba shi lafiya, Ya jiƙan mahaifinku, ke kuma Ya saka miki da alheri kan wannan zirga-zirga ta shekara uku.

Kada ki tilasta masa, kuma kada ki cike fom da sunansa ba da saninsa ba. Wannan ita ce amsar a dunƙule. Sauran bayanin da zan yi na abin da za ki yi a maimakon haka ne, domin na san idan na tsaya a nan na bar ki da fom a hannu da mutum biyu masu fushi.

Na karanta wasiƙarki sau uku, kowane karo a wurin keken ɗinkin nan nake tsayawa. Keken da ake takawa da ƙafa, a hannun saurayin da ƙafafunsa ba sa motsi, a gaban jama'a, ana ɗaukar hoto. Ban zaci wanda ya miƙa masa mugu ba ne. Yadda irin wannan rabo yake tafiya shi ne a sayo kayan tun kafin a ga fuskar ko mutum ɗaya daga cikin masu karɓa: kekunan zama kaza, kekunan ɗinki kaza, injin markaɗe kaza, sannan a nemo sunaye a cike gurbi. Makaho da kurma da wanda shan inna ta kama tun yana yaro da wanda ya faɗi a babur yana da shekara 21, duk a layi guda, duk sunansu guda a takarda. A ƙarshen ranar abin da ofis zai iya ƙirgawa shi ne yawan kayan da suka fita daga sito. Ko keken ya shiga ƙofar ɗaki, ko ya ji wa mai shi ciwo bayan wata biyu, babu wanda aikinsa ne ya dawo ya duba. Ƙanenki ya gane wannan da jikinsa, ya yi jinyar gyambo a kai. Wanda ya sha wannan sannan ya ce ba zai koma ba, ba butulci ya yi ba.

Amma ga wata magana da ba za ta yi miki daɗi ba, ki yi haƙuri da ni. Sau biyu kika rubuta cewa kin samo masa fom. Ban ga inda kika ce shi ya aike ki ba. Inna tana so ya je, maigidanki yana so a karɓo a sayar, ke kina so rigima ta mutu. Kowa yana da abin da yake so game da shi, kuma duk cikin ƙauna. A wasiƙar gaba ɗaya jimla ɗaya ce tasa, ita ce ta ƙin zuwa. To abin da masu rabon suka yi masa a filin taro, ana yi masa ƙaraminsa a gida: a yanke abin da ya dace da shi, sannan a sanar da shi. Mutumin da shekara uku ana ɗaga shi, ana juya shi, ana zaɓar masa lokacin wanka, sau da yawa "a'a" ce kaɗai ta rage masa da yake da iko da ita. Shi ya sa yake riƙe ta da hannu biyu.

Akwai hadisin Itbanu ɗan Malik da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ganinsa ya yi rauni, idan aka yi ruwa kwari ya cika ba ya iya zuwa masallacin mutanensa, sai ya roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo gidansa ya yi salla a wani wuri domin ya riƙe shi wurin salla. Da Annabi ya zo, bai zauna ba sai da ya tambaye shi a ina yake so ya yi sallar a cikin gidan. Itbanu ya nuna, a nan aka yi. Mai gidan ne ya san kusurwar da yake iya lalubawa ya kai. Ki riƙe wannan domin Inna, za mu dawo kanta.

Abu na farko da za ki yi ba ya cin ko kwabo. Ki je ranar da ba ki da gaggawa, ki bar fom ɗin a gida, ki zauna ƙasa ko a kujera 'yar tsugunne yadda idonki zai yi daidai da nasa. Kada ki tambaye shi me yake buƙata, zai ce ba komai, ko ya ce lafiya. Ki tambaye shi yadda ranarsa take tafiya daga asuba zuwa dare, wane lokaci ne ya fi yi masa wuya, wane abu ne yake jiran a yi masa alhali da an gyara wani ɗan abu zai yi da kansa. Ki tambaye shi inda yake so ya je da ya daina zuwa: masallacin Juma'a, majalisar abokansa, gidan kallon ƙwallo, kasuwa. Mai yiwuwa ranar farko ya yi miki shiru ko ya ce ki ƙyale shi. Ki ƙyale shi ɗin, ki sake komawa. Idan ya fara magana, ki danne zuciyarki kada ki gyara masa. Ko ya faɗi abin da kike ganin ba zai yiwu ba, ki ce a rubuta. Shi zai rubuta, a wayarsa ko a takarda, tunda hannunsa lafiya. Shafi ɗaya ya isa: ga abin da nake iyawa, ga abin da nake so in cim ma a bana, ga abubuwan da suka tare ni, ga kuɗin kowanne. Wannan takardar za ta yi muku amfani a wurare da yawa, za ki gani.

Ko da me ya rubuta, ina roƙon ku sa maganar jikinsa a sama, domin gyambon da kika ambata ba ƙaramin abu ba ne. Wanda lakarsa ta taɓu sau da yawa ba ya jin zafin zama. Ni da ke idan muka daɗe a zaune jiki yana gaya mana mu gyara, mu muskuta ba tare da mun sani ba. Shi saƙon ba ya zuwa, sai nauyinsa ya danne fata a kan ƙashin mazauni, jini ya daina isa, naman ya fara mutuwa daga ciki kafin a ga komai a waje. Gyambon da ya ci ciki yana iya kaiwa ƙashi, yana iya shiga jini, kuma yana cikin abubuwan da ke kashe masu ciwon laka. Wurin da ya taɓa yin gyambo kuma ya fi saurin sake yi. Saboda haka idan yana zaune ya riƙa sauke nauyi duk bayan minti 15 zuwa 30, ko dai ya sunkuya gaba sosai, ko ya karkata gefe ɗaya sannan ɗayan. A kwance a riƙa sauya ɓangare kamar duk awa biyu, sai in likita ya ba shi wani tsari. Safe da dare ya duba mazauninsa da ƙugu da dugadugai da madubi, ko ya ɗauka da kyamarar wayarsa. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, abin da za a lura da shi shi ne wurin da ya yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi ɗumi, ko ya yi tauri. In an ga haka, a ɗauke nauyi daga wurin gaba ɗaya, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Kada ku sayi matashin nan mai rami a tsakiya kamar gammo, yana ƙara dannewa ne a kewayen wurin.

Keken da aka ba shi an yi shi ne domin a tura maras lafiya daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin hoto a kan siminti mai santsi, tafiyar minti goma. Ba na wanda zai wuni a kai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin bayar da keken guragu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi tun 2008, ta sake fitar da wasu a 2023, kuma gundarin maganarsu shi ne keke kamar takalmi yake: a auna mutum, a duba inda yake rayuwa, a zaɓa tare da shi, a daidaita masa, a koya masa amfani da shi, a dawo a duba. Mazaunin ya yi daidai da faɗin ƙugunsa, kada ya matse kada ya yi yawo a ciki. Tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa a bar kamar yatsu biyu zuwa uku. Matakin ƙafa ya ɗauki ƙafar yadda cinya za ta kwanta daidai. Sannan matashi na musamman mai raba nauyi, wanda ga mai ciwon laka ba ado ba ne, rabin keken ne. Ga gida mai rairayi da lungu mai kwata, akwai kekuna masu taya uku, babba ɗaya a gaba, waɗanda ba sa nutsewa kamar ƙananan tayoyin na asibiti. Ga tafiya mai ɗan nisa kuma akwai keken nan da ake murzawa da hannu, wanda masu walda ke ƙerawa a garuruwanmu, da yawansu ma guragu ne da kansu. Wanda zai auna shi ya ba da shawara shi ne likitan gashin ƙashi. Idan kuna kusa da Kano, Asibitin Ƙashi na Dala yana da wannan sashe, asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya ma suna da shi. Ku je da tsohon keken, wani lokaci ana iya rage masa illa kafin a sami wani.

Gidan kuma, aikin magini da kafinta ne na kwana ɗaya ko biyu. A fasa dokin ƙofa, a faɗaɗa ƙofar ɗakinsa da ta banɗaki zuwa kamar santimita 90, a zuba siririyar hanyar siminti daga ɗaki zuwa banɗaki zuwa zaure. Inda akwai tudu a yi gangara mai sauƙi, duk tsayin taku ɗaya a ba shi tsawon taku 12, in ba haka ba ba zai iya hawa shi kaɗai ba. Masan tsugunne a ɗora masa kujera mai rami, a kafa ƙarfen kamawa a bango. Na fi so ki ga saurayin nan ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa da kansa a kan a kawo masa buhun shinkafa goma. Ki tambaye shi ki ji.

Sai sana'a. Abin da ya fi ba ni takaici a labarin nan shi ne yaron yana da sana'a a hannu, kuma sana'ar zaune ce. Gyaran waya ba ya neman ƙafa. Yana neman ido da yatsu da teburi mai tsayin da keke zai shiga ƙarƙashinsa, da wuta ko ƙaramar sola, da kayan aiki. Da wani ya tambaye shi tambaya ɗaya ranar cike fom, da kuɗin keken ɗinkin nan ya sayi kayan gyara. Amma ko a nan kada ki yi gaggawar yanke masa. Wataƙila yana so ya koma, wataƙila shekara uku ta sa yana ganin wayoyi sun wuce shi, wataƙila karatu yake so ko harkar POS a ƙofar gida. In gyaran yake so, ogansa na kasuwa shi ne mutum na farko da za a nema, kuma shi zai kira shi da bakinsa.

Wannan tsari na a fara da mutum kafin a fara da kaya ba ni na ƙirƙiro shi ba. A wasu ƙasashe doka ce. A Birtaniya nakasassu sun yi shekaru suna ƙorafin cewa hukuma ce ke zaɓar musu wanda zai zo ya yi musu wanka da lokacin da za a kwantar da su, har aka yi doka a 1996 da ta ba ƙananan hukumomi damar ba mutum kuɗin kulawarsa a hannu, ya ɗauki mataimakin da yake so. Dokar kulawa ta 2014 a Ingila ta sa duk wanda hukuma za ta ɗauki nauyin kulawarsa a rubuta masa tsari nasa na kansa, da adadin kuɗin da aka ware masa. Ostareliya ta fara nata shirin a 2013, inda ake zama da mutum a rubuta burinsa sannan a ware kuɗi a kai. Ba aljanna ba ce. Masu amfani da su suna kukan yawan takardu da jinkiri, da kuɗin da ba ya isa, kuma wanda yake da ɗan'uwa mai ilimi da baki ya fi samun rabo mai kyau a kan wanda ba shi da kowa. Amma tambayar farko da ake yi wa mutum a can ita ce wace irin rayuwa yake so, mu kuwa a nan tambayar farko ita ce sunansa yana cikin jerin ko ba ya ciki.

Ba mu da irin wannan asusu daga gwamnati, kada in sa miki rai. Abin da muke da shi dangi ne, kuma dangi suna bayarwa, sai dai a warwatse: kawu ya aiko da dubu biyar da salla, gwaggo ta kawo atamfa wa Inna, abokansa su haɗa masa kati. Ku yi naku ƙaramin tsarin. Takardar nan da ya rubuta, da kuɗin kowane abu a gefensa, a nuna wa waɗanda suka saba taimakawa, a ce wannan watan ƙofa da hanyar siminti ake nema, wata mai zuwa matashi. Mutane sun fi sakin hannu idan sun san takamaiman abin da kuɗinsu zai yi. Masu fitar da zakka a unguwa da kwamitin masallaci ma haka. Kuɗin kuma ya shiga asusunsa, da sunansa, katin a hannunsa. Na san za a ce ai yaro ne. Shekararsa 24, sa'o'insa suna da 'ya'ya.

Game da gwamnati, ki san haƙƙinsa ko da karɓarsa na da wuya. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya. Dokar ta ce wanda ya nuna wariya saboda nakasa, in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne naira miliyan ɗaya. Ta ba nakasassu ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ce a ba su fifiko a layi, ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Ita ce kuma ta kafa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020, kuma tana bayar da takardar shaidar nakasa. Ni da ke mun san matakalar bankuna da ofisoshi suna nan yadda suke. Duk da haka wanda ya shiga ofis ya san akwai doka, zamansa a kujera daban yake da na mai roƙo. Jihohi da dama sun yi nasu dokokin, wasu da hukumominsu, sai ku bincika ta jiharku a ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a.

Ƙofar da na fi so ya ƙwanƙwasa ita ce ta 'yan'uwansa masu irin lalurarsa. Akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu ta ƙasa, JONAPWD, mai rassa a jihohi, a ƙarƙashinta kuma akwai ƙungiyar masu ciwon laka. Su ne suka san wane mai walda ne ya iya keke, ina ake samun matashi da robar fitsari da araha, wane jami'i ne yake sauraro. Abin da ya fi wannan, zai ga mutumin da ya shekara 15 a keke yana da mata da shago. Akwai tambayoyin da saurayi ba zai taɓa yi wa yayarsa ko mahaifiyarsa ba, na fitsari da bayan gida da aure, zai yi wa wannan mutumin.

To fom ɗin da ke hannunki fa? Ki kai masa, ki ajiye a gabansa, ki ce nasa ne. Ki gaya masa akwai hanya ta uku bayan zuwa da ƙin zuwa: ya rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga masu shirya rabon tun kafin ranar, ya gode da na bara, ya faɗi a fili cewa keken ɗinki na ƙafa ba ya yi masa, ya lissafa abin da zai yi masa amfani da kuɗinsa, ya ce in za a ɗauki hoto a nemi izininsa. A kai ta hannun shugaban ƙungiyar nakasassu na yankin ko kansila, a riƙe kwafi. Zai yiwu a yi biris da ita. Zai yiwu kuma ta faɗa hannun jami'in da bai taɓa samun wanda ya gaya masa haka a rubuce ba. In ya ce ko wasiƙar ba zai rubuta ba, shi ke nan, a mayar da fom ɗin a ba wani. Shawarar maigidanki kuwa, ki ba shi haƙuri cikin ladabi. Na gane nufinsa, yana ganin wahalarki. Amma karɓar kaya da sunan mutum ba da yardarsa ba cin amana ne, kuma ranar da ƙanenki ya ji, ke ma kin shiga layin waɗanda ba ya yarda da su. Akwai kuma wata baiwar Allah a wannan yankin da ta iya ɗinki, wadda wannan gurbin zai yi wa rana.

Inna kuma a bi ta a hankali. Kalmar butulci da ta faɗa, tsoro ne a ƙarƙashinta. Mijinta ya rasu, tana tsufa, kullum tana kwana da tunanin wa zai riƙe yaron nan in ta kau, shi ya sa duk abin da aka miƙo take ganin kada a bari ya wuce. Kada ki ce mata ta yi kuskure. Ki ba ta labarin Itbanu, ko ki sa malamin da take jin maganarsa ya ba ta. Sannan ki nuna mata cewa duk abin da ya koyi yi da kansa, nauyi ne ya sauka daga bayanta, kuma shi ne amsar tsoron nata. Uwa takan saba da yi wa ɗanta komai har ta ji kamar an ƙwace mata wani abu in ya ce zai yi da kansa, wannan ma sai an yi haƙuri da shi. Shi kuma ki gaya masa, gaskiyarsa a kan rabo ba ta ba shi lasisin ɗaure wa mahaifiyarsa fuska ba. Ya ba ta haƙuri, ya yi mata bayani da bakinsa.

Ki sa ido a kan abu ɗaya. Ƙin zuwa rabo lafiya ne. Amma in kika ga ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya daina ɗaga wayar abokai, ya daina kula da fatarsa, ko yana cewa gara ya mutu kowa ya huta, wannan ciwon damuwa ne, yana yawan zuwa bayan irin wannan haɗari, kuma yana da magani. Kada a tsaya ana cewa ya yi tawakkali kawai, a kai shi ga likita.

Ke ma kin ce kin gaji, na ji ki. Kina da gidan miji, kina da uwa, kina da ƙane, kin zama ofishin jin daɗin jama'a ke kaɗai. Lokacin da za a nuna wa dangi takardar nan, a raba har da aiki: wane ne zai kai shi asibiti, wane ne zai tsaya kan magini, wane ne zai raka shi Juma'a. Ki zaɓi ranakun da za ki riƙa zuwa, sauran ki zauna a ɗakinki.

Keken ɗinkin da ke ƙarƙashin zanin Inna, mallakarsa ne. In ya ga dama a sayar a sayi kayan gyaran waya, in ya ga dama a sa wa keken injin lantarki ko marikin hannu, ko ya ba da haya ga wata maƙwabciya, ko ya kyautar. Ki tambaye shi. Ki sake rubuto mini bayan wata biyu in ji abin da ya ce, da kuma ko ƙofar banɗakin ta faɗaɗa.